An Kashe Maciji Ba a Sare Kai Ba: Tarihin Wutar da ke Cikin Tsohon Akwatin Talabijin

Gabatarwa

A gidaje da dama na biranenmu har yau akan tarar da tsohon akwatin talabijin a yashe a lungun ɗaki, an lulluɓe shi da zane, an ɗora masa kwanuka ko tsofaffin littattafai. Irin mai ƙatuwar ƙeyar nan nake nufi, wani ma har da ƙafafu huɗu da ƙyauren katako da ake ja a rufe masa fuska idan an gama kallo. Akwai masu sha'awar tayar da irin waɗannan akwatuna daga dogon barcinsu: masu shirya finafinai da ke son nuna zamanin da, da masu tara kayan tarihi, da kuma ɗalibin da ya gaji na kakansa yana so ya ga ya sake kawo hoto. Wannan sha'awa abin yabo ce, sai dai aiki ne da ke iya cin rai.

Abin da wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nunawa shi ne, haɗarin da ke cikin akwatin talabijin yana da tarihi. Kowane zamani da irin nasa, kuma galibi masu ƙira ne suka bar shi a ciki da saninsu, saboda neman sauƙin kuɗi ko kuwa don iyakar fasahar lokacin ke nan. Saboda haka wanda bai san zamanin akwatin da ke gabansa ba, bai san ta inda akwatin zai sare shi ba.

Kafin a shiga tarihin, ya kamata mai karatu ya riƙe ma'auni biyu. Na farko bolt, wato ƙarfin da ke tura lantarki, kamar yadda tsawon tanki ke tura ruwa cikin famfo. Na biyu amfiya, wato yawan lantarkin da ke gudana, kamar yawan ruwan da ke zuba. Amfiya ke kisa, bolt kuwa shi ke tura ta cikin jiki. Wani malamin Jami'ar Kalifoniya mai suna Charles Dalziel ya yi shekaru, tun wajajen 1940, yana gwaji da mutanen da suka ba da kansu, ya gano cewa miliamfiya 10 zuwa 16 kacal sun isa su sa tsokar hannu ta ƙage har mutum ya kasa sakin wayar da ya riƙe. Miliamfiya kuwa kashi ɗaya ce cikin dubu na amfiya. Idan abin ya kai wajen miliamfiya 100 ya ratsa ƙirji, zuciya kan rikice ta daina tura jini. To, mutumin da jikinsa ya jiƙe da gumin bazara, yana tsaye ba takalmi a kan siminti, bolt 230 na soket ɗin gidajenmu na iya tura masa fiye da miliamfiya 200.

Kwalbar Hoto

Zuciyar tsohon akwati ita ce ƙatuwar kwalbar nan ta gilashi wadda faffaɗan gindinta shi ne fuskar da ake kallo. Wani Bajamushe, Karl Ferdinand Braun, ya fara ƙera irinta a 1897. An zuƙe iskar cikinta sarai, a siririn wuyanta kuma akwai wata 'yar bindiga mai harba ƙwayoyin lantarki zuwa fuskar, inda aka shafa sinadarin da kan yi haske idan an buge shi. Ƙwayoyin nan ba za su yi gudun da ake bukata ba sai an ja su da dubban bolt. Tambayar da ta addabi masu ƙira tun farko ita ce, daga ina za a samo waɗannan dubban bolt a cikin ɗakin mutum?

Lokacin da BBC ta fara watsa shirye-shiryen talabijin na kullum daga Alexandra Palace a birnin Landan, ranar 2 ga Nuwamba 1936, amsar da aka bayar mai sauƙi ce. Aka sa ƙatuwar taransifoma ta ɗauki wutar gida ta ɗaga ta zuwa dubban bolt, aka sa manyan kafasita, wato rumbunan ajiye lantarki, su riƙe ta. Irin wannan wuta tana da bolt mai yawa, tana kuma da amfiyar da ta isa kisa, ba ta ƙarewa muddin fulogi na jikin bango. Masu tara kayan tarihi a Ingila sun haɗu a kan cewa akwatunan da aka ƙera kafin Yaƙin Duniya na Biyu su ne mafi muni ta wannan fuska.

Bayan yaƙi, da BBC ta dawo da shirye-shirye a 1946, wata dabara ta yaɗu. Harbin da ke cikin kwalba yakan zana hoton ne layi-layi, in ya kai ƙarshen layi sai ya yi wuf ya koma farko. A tsarin layi 625 wannan komawa tana aukuwa sau 15,625 a daƙiƙa guda, ita ce ma siririyar ƙarar nan da yara kan ji idan an kunna talabijin alhali tsofaffi ba sa ji. Masu ƙira suka ga duk komawa tana haifar da tsallen lantarki, sai suka tara waɗannan tsalle ta hanyar wata ƙaramar taransifoma da masu gyara ke kira fulaibak. Bolt ya ƙaru, ya haura 10,000 a akwatunan baƙi da fari, ya kai wajen 25,000 a manyan masu kala, amma amfiyar ta ragu ƙwarai. Wato wutar da ta fi yawan lamba ta fi ta da sauƙin illa.

Duk da haka ta bar baya da ƙura. An shafe ciki da wajen mazurarin kwalbar da wani baƙin shafi irin na bakin fensir, gilashi na tsakani. Wannan shi ne ainihin tsarin tulun Leyden, wanda Pieter van Musschenbroek ya ci karo da shi a ƙasar Holan a 1746, wutar ta girgiza shi har ya rubuta wa wani abokinsa cewa ko ƙasar Faransa za a ba shi ba zai sake gwadawa ba. Kwalbar hoto tulun Leyden ce zaune a falo. Takan riƙe wutarta kwana da kwanaki bayan an zare fulogi, kuma ko an zubar da wutar, gilashin kan sake sako wata bayan ɗan lokaci. Ba kasafai wannan wuta kan kashe lafiyayyen mutum ba, amma takan fizge hannu ya faɗa kan wata wayar mai rai, ko ƙarfe ya yanke shi, ko ya saki kwalbar ta faɗi.

Araha Ba Ta Ado

Haɗarin da ya fi duka, a ganina, shi ne wanda ba ya da babbar lamba, don haka ba a cika tsoronsa ba. A Ingila ta bayan yaƙi akwai unguwannin da wutarsu mai gudu ce ta fuska ɗaya, irin ta batir, wadda taransifoma ba ta aiki da ita ko kaɗan. Bugu da ƙari taransifoma tana da nauyi, tana cin tagulla da ƙarfe masu tsada, ga shi maganaɗisunta kan karkatar da hoto. Sai kamfanoni suka yanke shawarar yin watsi da ita gaba ɗaya, kamar yadda aka riga aka yi a ƙananan akwatunan rediyo na Amurka tun shekarun 1930. Aka jera bawul, wato ƙwayayen gilashin nan masu ɗumi da ake amfani da su kafin zuwan taransista, ɗaya bayan ɗaya a kan wutar gida kai tsaye. Ɗaya daga wayoyin fulogi biyu kuwa aka like ta a jikin farantin ƙarfen da aka ɗora dukan kayan ciki a kansa.

Mai karatu ya tsaya ya dubi abin da wannan ke nufi. A soket akwai waya mai wuta, akwai kuma ta komawa wadda ba ta ja. In aka yi sa'a ta komawar ce ta faɗa kan faranti, shi ke nan. In kuwa aka juya fulogi, ko mai haɗa wutar gidan ya sauya wayoyin, to farantin nan da duk wata kusa da ke jikinsa sun zama waya mai wuta. Akwatin zai kawo hoto lafiya lau ta kowace fuska, babu wata alama da zai nuna. Shahararren akwatin nan Bush TV22 na 1950, mai fuska inci 9, haka aka ƙera shi, haka kuma yawancin akwatunan bawul na ƙasashen Turai na shekarun 1950 da 1960.

Masu ƙirar sun san abin da suka yi. Kariyar da suka tanada ita ce su kulle macijin cikin akwati: jiki na katako ko na roba mai tauri, murfin baya na kwali mai rubutun gargaɗi, maɓallan roba a kan kowace sandar ƙarfe, wani lokaci har da toshe kan kusoshi da kakin zuma, sa'an nan 'yan ƙananan kafasita tsakanin faranti da ramin eriya. Muddin waɗannan na nan daram, mai kallo ba shi da abin tsoro. Ashe ke nan tsaron bai wuce kwali da roba ba, su ne kuwa abin da shekaru kan fara cinyewa.

Zuwansa Ƙasarmu

Talabijin ya shigo Nijeriya a tsakiyar wannan zamani na faranti mai wuta. Gwamnatin Jihar Yamma ta Cif Obafemi Awolowo ta buɗe tasha a Badun ranar 31 ga Oktoba 1959, Jihar Gabas ta biyo baya a Inugu a 1960, sa'an nan gwamnatin Sardauna ta buɗe ta Kaduna a 1962 tare da haɗin gwiwar kamfanonin Granada da EMI na Ingila. Saboda haka duk wanda ya tsinci akwatin bawul ƙirar Turai na wannan zamani, ya ɗauka farantinsa mai wuta ne har sai mita ta ƙaryata shi.

Amma yawancin tsofaffin akwatunan da ke gidajenmu na baya ne. Kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji na 1974 suka sa ma'aikata da 'yan kasuwa suka shiga sayen talabijin, tashar Binuwai-Filato da ke Jos ta fara nuna hoto mai kala a 1975, aka kafa NTA a 1977, shekarar bikin FESTAC. Akwatunan National da Sanyo da Philips da Grundig da Sharp suka cika kantuna. A cikinsu aka kalli Samanja da Karkuzu da Kuliya, makwabta suna cika tsakar gida, yara na leƙe ta taga. To, mutum zai zaci da zuwan taransista an rabu da tsohuwar matsala. Ina! Da yawa daga akwatuna masu kala na shekarun 1970 da farkon 1980 sun ma ƙara mata nauyi. A cikinsu wutar gida takan bi ta wasu 'yan maƙogwaro huɗu da ke miƙar da ita, a like ƙarshenta a faranti. Sakamakon haka farantin yana ja ta duk yadda aka juya fulogi. Tsohuwar dabarar nan ta juya fulogi a taɓa da testa ba ta da wani amfani a nan.

Sai daga baya, da bidiyo ya yaɗu aka bukaci ramukan da za a jona wasu na'urori, kamfanoni suka raba cikin akwati gida biyu, ɓangaren wutar gida da ɓangaren da aka keɓe, akan ja layi a kan allon kayan don nuna iyaka. Ko a waɗannan ma akwai babbar kafasita a ɓangaren farko mai riƙe bolt wajen 320. A lafiyayyen akwati takan zube da kanta jim kaɗan bayan an kashe. A wanda ya lalace kuwa, babu abin da zai sha wutar, sai ta zauna cike tana jira. Wanda ya lalace ɗin shi ne kuma ake buɗewa.

Kala ta zo da nata sabon abu. Idan ƙwayoyin lantarki suka bugi ƙarfe ko gilashi da ƙarfin bolt 25,000, sukan haifar da hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. A 1967 kamfanin General Electric na Amurka ya bayyana cewa wajen akwatuna 90,000 masu kala da ya sayar suna fitar da wannan haske fiye da kima ta ƙarƙashinsu, saboda wani bawul da ke daidaita wutar kwalba wanda garkuwarsa ba ta zauna daidai ba. Abin ya tayar da ƙura har majalisar ƙasar ta yi doka a 1968, daga baya aka ƙayyade iyakar hasken da aka yarda akwati ya fitar. Shi ya sa gilashin mazurarin kwalba yake ɗauke da dalma mai yawa, shi ya sa kuma aka tsare bawul ɗin babbar wuta cikin kejin ƙarfe. Mai gyaran da ya cire kejin ya kunna akwati, ko ya murɗa wutar kwalba sama don hoto ya ƙara haske, ya mayar da kansa 1967.

Ita kanta kwalbar, ko babu wuta, abar tsoro ce. Tun da an zuƙe iskar cikinta, iskar waje tana danna kowace murabba'in santimita da nauyin kilo guda. A fuskar akwati mai inci 20 kaɗai, nauyin ya haura tan ɗaya, wato fiye da buhun siminti 20. In ta fashe, ciki take rufta wa, sa'an nan ta watso gilashi. Akwatunan farko suna da wani gilashin kariya daban a gaba, daga shekarun 1960 kuma aka koma ɗaure bakin kwalbar da ɗamarar ƙarfe. Ba a kwance wannan ɗamara, ba a kuma ɗaukar kwalba ta wuya.

Abin da Shekaru Suka Yi

Duk wannan tsaro an tsara shi ne don sabon akwati a gidan da aka haɗa wutarsa bisa ƙa'ida. Yanzu a dubi akwatin da ya shekara 40 ko 50 a ɗakin ajiya a ƙasar Hausa. Gara ta ci katakon, ɓera ya gaigaye rufin wayoyi, ƙurar hunturu ta taru a kan fulaibak, danshin damina ya mayar da ita hanyar da babbar wuta za ta bi. Murfin baya ya ɓace tun tuni. Maɓallin sauya tasha ya karye, kowa kuma ya san yadda akan yi, filaya ake sa wa a kama sandar a murɗa, alhali a wasu akwatunan sandar nan ƙarfe ce haɗe da faranti. Fulogi ya tafi, sai tsirarun wayoyi biyu da ake cusawa a soket da tsinken ashana. Gidaje da yawa babu wayar ƙasa, a ƙaramin janareta kuwa sau da yawa dukan wayoyin biyu suna ja, babu wadda za a kira ta komawa. Kafasitocin takarda da kaki sun fara yoyo, masu ruwa a ciki sun bushe, kunna su farat ɗaya kan sa su fashe ko su ƙona abin da ba za a sami madadinsa ba.

Saboda haka kuskuren farko da mai sha'awa kan yi shi ne ya jona akwatin "don ya ga ko yana yi". Ƙwararru ba sa yin haka. Sukan fara da share ƙura da duba wayoyi da sauya kafasitocin da suka tsufa, akwatin na kashe. In za su kunna, sai su bi da wutar ta cikin ƙwan fitila mai zare, na wat 100, wanda aka jera shi da akwatin. In akwai inda wuta ke haɗewa a ciki, ƙwan zai haska ƙal ya shanye ta. Ƙwayayen zamani marasa cin wuta ba sa wannan aiki. Sa'an nan sukan sa taransifomar keɓewa, wadda ke karɓar bolt 230 ta ba da 230, amma babu wayar da ta haɗa shigarta da fitarta, ta yadda taɓa faranti ba zai buɗe wa wuta hanya ta jikin mutum zuwa ƙasa ba. A nan akwai ruɗu da ya kamata a kawar: yawancin sitabilaizar da ke gidajenmu ba ta keɓewa, daidaita bolt kawai take yi. Ita ma taransifomar keɓewar ba laya ba ce, wanda ya taɓa wurare biyu masu bambancin wuta da hannuwansa biyu, ta ratsa ƙirjinsa. Daga nan aka samo tsohuwar ƙa'idar masu gyara ta sa hannu ɗaya a aljihu. Akan cire zobe da agogo, a sa takalmin roba busasshe, a tsaya a kan katako ko shimfiɗar roba. Al'adarmu ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa ba ta da wuri a ɗakin gyara, balle a ce ƙafa na da danshin alwala. Ba a kuma yin aikin sai da wani a kusa wanda ya san inda makashin wuta yake, ya kuma san cewa wanda wuta ta kama ba a taɓa shi da hannu, sai a kashe wutar ko a ture shi da busasshen itace, a wuce da shi asibiti ko da ya ce ya warware.

Zubar da wutar kwalba kuwa yana da nasa tsari. Bayan an zare fulogi, akan maƙala waya a jikin saƙaƙƙiyar wayar da ta rungumi baƙin shafin bayan kwalba, ɗaya bakin a ɗaure shi a sukundireba mai kaurin mariƙi, da razista a tsakani don wutar ta zube a hankali. Sai a zura bakin sukundireban a ƙarƙashin ƙoƙon robar nan da ke manne a gefen kwalba har ya taɓa ƙarfen ciki, da hannu ɗaya, da tabarau a ido. A dakata 'yan mintoci a maimaita. Babbar kafasita ita ma a zubar da tata ta razista, a auna da mita a tabbatar.

Na kawo wannan bayani ne don mai karatu ya gane girman aikin. Ɗalibin da bai taɓa zama gaban mai gyara ba, shawarata ya ɗauki akwatin ya kai wa dattawan sana'ar da suka koyi aiki a kan bawul da kwalba, ya zauna ya kalla. Suna ƙarewa, yaransu sun koma gyaran wayar hannu da talabijin ɗin bango. Mu ɗaliban Hausa ma akwai aiki a gabanmu a nan, domin kalmomin da waɗannan dattawa suka ƙirƙira ko suka aro don sassan rediyo da talabijin sun cancanci a tattara su kamar yadda aka tattara na ƙira da jima da rini.

Akwai tarko na ƙarshe da zamaninmu ya ƙara. Nijeriya ta fara sauya tsarin watsa talabijin zuwa na dijital a Jos a 2016, tsohon akwati kuwa bai san wannan harshe ba, yawanci ma ba shi da rami sai na eriya. Sai wani ya ga ai da sauƙi, ya buɗe baya ya like wayar dikoda kai tsaye a allon ciki. In farantin mai wuta ne, to daga ranar jikin dikodar da wayarta da farantin tauraron da ke kan rufi duk sun zama waya mai wuta, har yaron da aka aika ya hau ya juya shi. Hanyar da ta dace ita ce a sa 'yar na'urar nan da ke mayar da hoton dikoda ya zama kamar na tasha, a shigar da shi ta ramin eriya, bayan an gwada 'yan kafasitocin da ke tsare ramin an sauya su da sababbi waɗanda aka ƙera don wannan aiki, an kuma yi wa akwatin sabon murfin baya da maɓallan roba.